Haruffa masu kaurin diddige da matsalar ƙugiya

Akwai wani irin zanen haruffa wanda Faransawa ke kira "égyptienne", ko da yake ba shi da wata dangantaka da Masar. Vincent Figgins ne ya fara fito da shi a Landan wajen 1815 domin takardun talla. Alamarsa ita ce diddigen da ke bakin kowace sanda: mai kauri ne, mai kusurwa, kusan daidai da kaurin sandar kanta. Rockwell na 1934 da Courier na keken rubutun IBM duk danginsa ne.

Amfaninsa a fili yake. A shekarun 1970, da takardar gurzawa ake buga yawancin takardun yaƙi da jahilci a Nijar, siririn layi kuwa yakan tsinke a wajen gurzawa, mai kauri ya tsira. Haka nan a kan allo, ana hango shi daga nesa.

Sai dai ba don Hausa aka zana shi ba. A b da d da k, diddigen sama yana zaune ne daidai inda ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ take. Bambancinsu ɗan kaɗan ne: diddige na duban hagu, ƙugiya na lanƙwasawa dama. Idan tawada ta malala, ko kuwa da alƙalami aka ƙara ƙugiyar, kamar yadda masu buga keke suka saba, sai su biyun su zama ɗigo guda. Wanda ya ƙware yakan gane daga ma'anar jimla. Manomin Tsibiri ko na Jiratawa da ya shiga ajin manya bana, harafi-harafi yake bi, ba shi da wannan madogara: kare da ƙare, baki da baƙi, bari da ɓari, duk ɗaya ne a idonsa. Shi kansa sunan Maraɗi ya daɗe da rasa ƙugiyarsa a rubutun Faransanci.

Taron Bamako na 1966 ya tsai da waɗanne haruffa za a rubuta, amma siffarsu a kan takarda an bar wa maɗaba'a. Saboda haka ya kamata masu tsara littafin koyon karatu su keɓe mai kaurin diddige ga kanun magana da alluna. Cikin darasi kuwa, a ɗauki harafi marar diddige, irin Andika da SIL ta zana domin sababbin masu karatu, a kuma gwada shi a kan takardar da za a raba a aji kafin a buga.