Wuƙa da Roba: Nazari a kan Kayan Tashe a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tun da aka san Tashe a ƙasar Kano, wato wasan da yara ke fitowa da shi idan Azumi ya kwana goma, manazarta sun fi karkata ga waƙa da rawa, alhali kuwa kafin yaro ya bayyana da siffar Tsoho da Gemu ko ta Jatau Mai Magani, sai ya ƙera abin da zai sauya kamanninsa. A da ƙwarya da kara da auduga ke ɗauke da wannan nauyi. Yau kuwa, da masana'antun Sharaɗa da Bompai suka wadata gari da roba, tsohuwar jarkar mai da tsinkakken silifa sun samu shiga a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

Mas'alar aikin duka tana ga lanƙwasa. Ita ƙwarya Allah ya halicce ta a kewaye, mai sassaƙa bin ta kawai yake yi. Amma gefen jarka a shimfiɗe yake, saboda haka da'irar ido, da bakin garkuwa, da tanƙwarar takobi, dole yaro ya fitar da su da basirarsa. Wanda ya ƙware yakan kifa murfin kwano ya zagaye shi da tsinin ƙusa, ko ya kafa ƙusar a tsakiya ya ɗaura mata zare ya ja da'ira, sa'an nan ya bi zanen da reza sannu a hankali, yana maimaitawa, yana juya robar maimakon hannunsa, har ta rabu don kanta, ya goge bakin a jikin siminti. Mai gaggawa kuwa sai ya gasa wuƙa a garwashi, ta ratsa nan take, ta bar masa baki mai ƙuraje da hayaƙin da ke cutar da ƙirji. Ni dai ban ɗauki wannan a kan gwaninta ba. Sanin ɗabi'ar roba ma ilmi ne, domin ta jarka tana da danƙo, tana jure wuƙa, ta kujera kuwa, idan rana ta ci ta, tsagewa take yi inda ba a nufa ba.

Ta fuskar addini kuwa, malamai sun tsananta a kan ƙera sura, sai dai da yawansu sun yi rangwame ga kayan wasan yara, bisa hujjar 'yan tsanar Nana A'isha.

Sana'ar ba ta tsaya ga yara ba, domin tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, har ofisoshin fim suka cika titin Gidan Zoo, duk labarin sarauta ko yaƙi yana bukatar kwalkwali da garkuwa marasa nauyi. A nan aibin ya fi bayyana: sau da yawa akan bar yanka a karkace da zaton fenti zai rufa asiri, kyamara kuwa idan ta matso kusa ba ta yin sutura.