Finafinan Shekarar 1968 da Silimar Masu Mota a Amurka

1. Gabatarwa

Duk ƙarshen shekara masu sharhin finafinai sukan jera sunayen finafinan da suka fi burge su. Irin wannan jeri yakan sa a ɗauka cewa fim abu ne mai zaman kansa, ko'ina aka kalle shi daidai yake. A wannan takarda za mu gwada wannan zato da shekara guda, wato 1968, da kuma wuri guda, wato silimar masu mota ta ƙasar Amurka. Abin da muke so mu nuna shi ne, wurin da mutum ya zauna ya yi kallo yana da hannu a hukuncin da zai yanke wa fim. Wanda bai lura da haka ba sai ya yi ta yabon fim, alhali kuwa daren da ya gan shi yake yabo.

2. Mece ce silimar masu mota?

Fili ne babba marar rufi, da ƙaton allo a gaba. Mai kallo yakan shigo da motarsa, ya biya a ƙofa, ya tsayar da ita a layi tana fuskantar allo, ya yi kallo yana zaune a ciki. Wani mutum mai suna Richard Hollingshead ne ya buɗe wadda aka fi sani a matsayin ta farko, ranar 6 ga watan Yuni 1933, a gefen garin Camden na jihar New Jersey. Ana biyan rubu'in dala a kan mota, da rubu'in dala a kan kowane mutum. Da farko manyan lasifikoki aka kafa kusa da allo, sai ƙara ta dami maƙwabta, na layin baya kuma magana takan iso musu a makare. Daga baya aka koma kafa ƙaramar lasifika a kan sanda kusa da kowace mota, direba ya ɗauko ya rataya a gilashin taga.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka yawaita, iyalai suka koma unguwannin bayan gari inda fili yake da araha. A shekarar 1958 irin waɗannan silimomi sun haura 4,000 a Amurka. Abin da waɗanda suka ga zamanin suke yawan tunawa bai cika zama fim ɗin kansa ba. Suna tuna yara cikin kayan barci a kujerar baya, da jiran rana ta faɗi kafin a kunna allo, da sauro, da gugguru, da samarin da sukan ɓoye abokansu a but don kada a biya musu. Daga baya kasuwar ta faɗi. Kuɗin fili ya tashi, talabijin da bidiyo suka shiga gidaje, dokar 1966 ta tura agogo gaba da awa ɗaya a lokacin zafi ta sa duhu ba ya yi da wuri. Yanzu kimanin 300 suka rage.

3. Wanda ya ci kyauta da wanda ya daɗe

Fim ɗin da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon finafinan 1968 shi ne "Oliver!" na Carol Reed, fim mai waƙe-waƙe da aka gina a kan littafin Charles Dickens. An yi shi da gwaninta, amma yau ba a cika jin mai kiran sa fim ɗin shekarar ba. Wanda masana suka fi ɗaukakawa shi ne "2001: A Space Odyssey" na Stanley Kubrick, labarin tafiya sararin samaniya, wanda Oscar ɗaya tak ya samu. A ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta yi a 2022, daraktoci shi suka sa a gaba da duk finafinan duniya.

Sai dai fim ɗin Kubrick yana da sharaɗi. Kusan minti 25 na farkonsa ba a furta kalma ko ɗaya. Ƙarfinsa yana cikin duhu sosai, da shiru sosai, da kiɗa mai cika zaure. A filin motoci kuwa akwai fitilun titi, akwai kukan jariri, kiɗan kuma ta ƴar lasifika yake fitowa siriri. Wanda ya gan shi a can ya ce bai ga abin yabo ba, ba ƙarya ya yi ba. Rabin fim ɗin ne ya iso gare shi. Akwai kuma finafinai biyu na wannan shekara waɗanda filin motoci ya ƙara musu ƙarfi, su za mu duba yanzu.

4. Daren matattu masu tafiya

"Night of the Living Dead" na George Romero ya fito ranar 1 ga watan Oktoba 1968 a birnin Pittsburgh. Baƙi da fari ne, an kashe masa dala dubu ɗari da ƴan kai, kuma babu sanannen ɗan wasa ko ɗaya a ciki. Labarin gajere ne. Gawawwaki sun tashi suna cin naman mutane, mutum bakwai sun fake a wani gidan gona, suna jiran gari ya waye.

Abin da ya ɗaga fim ɗin sama da takwarorinsa shi ne, haɗarin da ke cikin gida ya kai wanda ke waje. Ben, jarumin fim, yana so a toshe tagogi a zauna a sama. Harry Cooper yana so a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kulle. Mai kallo yakan bi bayan Ben saboda jarumtarsa, ya tsani Harry saboda tsoro da son kai. Amma a ƙarshe kowa ya mutu sai Ben, shi ma ɗakin nan da ya ƙi ne ya cece shi. Da safe ƴan sintiri suka hango shi ta taga, suka ɗauka gawa ce mai tafiya, suka harbe shi. Duane Jones, wanda ya fito a Ben, baƙar fata ne. Romero ya sha faɗin cewa ya ɗauke shi ne don ya fi kowa iyawa a gwaji. Duk da haka, a shekarar da aka kashe Martin Luther King, da wuya ɗan Amurka ya ga fararen mutane da bindigogi da karnuka sun harbe baƙin mutum ya ce labarin fatalwa kawai ya gani.

Dalilin da ya sa fim ɗin ya dace da filin motoci a fili yake. Mutanen cikinsa suna kulle a gida, duhu ya kewaye su, labarin duniya yana zuwa musu ta rediyo da talabijin. Mai kallo shi ma yana kulle a mota, duhu ya kewaye shi, murya tana fitowa daga ƴar lasifika, ga inuwar mutane tana gilmawa tsakanin motoci. Rashin kyan sauti a nan ya zama riba.

Fim ɗin yana da nakasu. Barbra, wadda da ita aka buɗe labari, an mayar da ita gunki, ta shafe yawancin fim a zaune ba ta da ta cewa. Wasu ƴan wasan kuma maganarsu kamar hadda suke biyawa. Waɗannan ba su hana shi zama, a ganinmu, fim mafi tasiri da aka yi da ƙaramin kuɗi a wannan shekara ba.

5. Maharbi a bayan allo

"Targets", wato ababen hari, shi ne fim ɗin da ya fitar da sunan Peter Bogdanovich, ya fito a watan Agusta 1968. Labari biyu ya haɗa. Na farko na Byron Orlok ne, tsohon ɗan wasan finafinan ban tsoro da ya gaji yana so ya ajiye aiki, domin a ganinsa labaran jarida sun fi dodanninsa ban tsoro. Boris Karloff ne ya fito a wannan matsayi, mutumin da ya yi dodon "Frankenstein" a 1931, ke nan kusan rayuwarsa ya taka. Na biyu na Bobby Thompson ne, saurayi mai ladabi da tsabta, wanda ya wayi gari ya harbe matarsa da mahaifiyarsa, sannan ya hau tankin mai yana harbin motocin da ke wucewa. An gina shi a kan Charles Whitman, wanda ya yi harbi daga hasumiyar Jami'ar Teksas a 1966.

Labaran biyu sun haɗu a silimar masu mota. Bobby ya hau bayan allo, ya zura bakin bindiga ta wata ƴar kafa, yana harbin masu kallo. A nan Bogdanovich ya juya abin da ake yabon wannan silima da shi ya zama masifa. Kowane iyali yana rufe a motarsa, saboda haka ana kashe maƙwabci na kusa bai sani ba. Babu kiɗan da aka ɗora don a tsorata mai kallo, sai ƙarar rediyo da injin mota da bindiga. Ba a kuma bayyana dalilin Bobby ba. Wasu suna ganin wannan gibi ne. Mu kuwa muna ganin nan gaskiyar fim ɗin take, domin da an ba da dalili da hankalin mai kallo ya kwanta.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne hirarrakin Orlok da matashin darakta, wanda Bogdanovich da kansa ya fito a matsayinsa. Sun yi tsawo, akwai kuma ƙanshin yabon kai. Ƙarshen ma, inda tsoho ya tunkari maharbi da sanda ya mare shi, ya zo da sauƙin da sauran fim ɗin bai yi alkawari ba. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, don an sake shi wata biyu bayan kisan Robert Kennedy, mutane sun gaji da jin bindiga. Karloff ya rasu a watan Fabrairu 1969.

6. Abin da ya yi kama da namu

Ɗalibin Hausa ba zai rasa abin kwatance ba. Tsofaffin gidajen silima na ƙasar Hausa, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, su ma ba su da rufi, su ma sai dare ya yi ake kunna allo. Dukansu biyu kuma an yi musu kallon wurin lalacewar tarbiyya. Bambancin shi ne, a Amurka mota takan raba jama'a gida-gida, a nan kuwa benci ke haɗa su, yawanci maza, ana ihu tare, ana zuga jarumi tare. Irin tasirin da finafinan kaboyi suka yi wa samari shi Mustapha Alassane na Nijar ya yi wa ba'a a fim ɗinsa na 1966, inda wani ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye.

7. Kammalawa

Hausawa suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yawancin abin da aka nuna a filayen motoci finafinai ne na cika dare, an manta da su, kuma sun cancanci mantuwa. Begen wurin bai kamata ya sa a ɗaga darajarsu ba. Haka nan raina wurin bai kamata ya sa a binne na kirkin da suka ratsa ta can ba. A 1999 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin Romero cikin finafinan da ƙasa za ta adana, shekara 31 bayan fitowarsa. Saboda haka idan wani ya gaya muku fim ɗin da ya fi so a wata shekara, ku tambaye shi abu biyu kafin ku yarda ko ku musa: a ina ya gan shi, kuma ko ya sake kallon sa a wani wuri dabam?