Faɗa da Waƙa a Tsofaffin Finafinan Indiya: Tsokaci Daga Agege

Gabatarwa

Manazarta da dama sukan ɗauki finafinan faɗa na Indiya na tsakanin 1970 da 1990 a matsayin shirme, saboda jarumi ɗaya yakan kayar da ƙarti ashirin, ya kuma ɓarke da waƙa. Wannan maƙala na ganin ma'aunin ne bai dace ba. Za a dubi lamarin daga Agege ta Ikko, inda cinikin goro da jirgin ƙasa suka tara Hausawa, inda kuma sunan Pen Cinema ya wanzu bayan silimar ta mutu.

Zubi da Tsari

A al'adar Bahaushe faɗa ba ya rabuwa da kiɗa. Ɗan dambe sai da kalangu, ɗan tauri sai da kirari. Sunan Shago ya bazu ne ta bakin Ɗan Anace. A tatsuniya ma waƙa kan katse labari a daidai inda aka shiga tsaka mai wuya. Don haka waƙoƙin Sholay (1975) na Ramesh Sippy ba su zo wa ɗan kallo a baƙunce ba. Kambamar da ake yi wa Dharmendra, wanda Hausawa suka raɗa wa Sarkin Ƙarfi, irin ta kirari ce: ba a tambayar gaskiyarta, daɗinta ake bi.

Jigo

A Amar Akbar Anthony (1977) na Manmohan Desai, 'yan'uwa uku sun rabu tun suna yara, suka tashi cikin addinai uku, har suka bai wa mahaifiyarsu jini a lokaci guda ba su san juna ba. Likita zai yi dariya. Amma ɗan cirani da ya baro iyayensa a Katsina, yake kwana a shago tsakanin Yarabawa da Inyamurai, abin da ya gani shi ne zumunci ba ya ɓata.

Kammalawa

Finafinan suna da aibi: mace ado ce kawai a yawancinsu, ramuwar gayya kuma tana maye gurbin shari'a. Sai dai finafinan Hausa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, daga baya sun ɗauki rawa da waƙa daga wannan tushe. Manazarcin da ya raina uwar, da wuya ya yi wa 'yar adalci.