A Jiƙa Kafin A Aske, Don Allah

Wai yaushe masu aski suka yi hannun riga da ruwa? Daga Wurno zuwa Achida, daga Rabah zuwa Goronyo, duk shagon askin da ka leƙa labarin ɗaya ne. Janareto na ruri, an gama rage suma da kilifa, sai a zo gyaran fuska. Yaro ya ɓare sabuwar reza, ya karya ta biyu, ya ɗora a busasshen kunci ya hau kankara. Ko ɗigon ruwa babu. Kana jin gashi yana tsinkewa ƙaras-ƙaras, idonka ya cika da ƙwalla, shi kuwa rabin hankalinsa na kan ƙwallon da ake nunawa a talabijin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne burushin aski yana nan a gabansa kan tebur. Yana da shi fa! Amma aikin da ya yanka masa bai wuce kakkaɓe gashi daga ƙeya da barbaɗa hoda ba.

Jama'a, ba don haka aka yi burushin nan ba. Aikinsa ɗaukar ruwa. A tsoma shi cikin ruwan ɗumi ya sha, a ɗan yarfe, a murza kan sabulu har kumfa ta yi kauri ta daina manyan ƙwayaye, sannan a riƙa zagaya shi a kunci da haɓa da wuya. Yana cusa ruwa har gindin gashi, yana tayar da wanda ya kwanta, yana kwashe ƙura da maiƙon da suka manne wa fata, ya bar santsin da aska za ta bi. Busasshen gashin gemu tauri gare shi ƙwarai, amma in ya sha ruwa minti biyu zuwa uku sai ya kumbura ya yi laushi, aska ta yanke shi ba tare da jan fata ba. Mu da ke cikin fadamar Rima bai kamata a yi mana dogon bayani kan wannan ba. Wane manomin albasa ne zai dasa iri a fangalin da bai sha ruwa ba?

Kuma mun riga mun san wannan ilimi tun kafin burushi ya iso mana. Ku tuna wanzamin unguwarku. Ya sauke zabira a gindin itace, ya shimfiɗa 'yar tabarma, ya ajiye ƙoƙon ruwa kusa da gwiwarsa. Ba ya taɓa aska tukuna. Zai ɗebi ruwa da tafin hannu ya shafa maka a ka, ya murza, ya ƙara ɗiba ya murza, wani ya haɗa da ɗan guntun sabulun salo, yana tambayarka mutanen gida da yadda shinkafa ta yi bana. Sai ya ji gashi ya saki a ƙarƙashin yatsunsa, sannan ya wasa aska a kan fata, ya ja fatar kai da babban yatsa, ya fara. In wuri ya bushe kafin aska ta kai can, ya sake jiƙawa. Ka ce masa, "Sarkin aska, sauri nake yi," ya ce, "Yi haƙuri, yaro na, bai jiƙa ba." Shi ke nan magana ta ƙare. Wurno gari ne na rawani tun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da shi ribaɗi, a nan kuma kabarinsa yake tun 1837, kuma kan da ke kwana cikin hula da rawani ƙwal-kwabo yake so. Hannun da ke yi wa jaririn kwana bakwai askin suna ba tare da ya ƙwarzane shi ba, shi za a ce bai san aiki ba?

Turawa abin da tafin hannun wanzami ke yi suka ɗora wa kota da gashi. A Faransa burushin ya fara yaɗuwa, a ƙarni na 18, da gashin wata dabbar daji tasu mai laushin gashi, daga baya aka yi na gashin doki da na alade. Su ma gaggawa ce ta raba su da shi, musamman da kumfar gwangwani ta fito a Amurka a 1949. Amma su ko da suka ajiye burushi ba su ajiye ruwa da kumfa ba. Mu ne muka karɓi burushin muka zubar da ruwan.

Sakamakon yana nan a wuyan samarinmu. Ku duba sahun gabanku ranar Juma'a, ku ga ƙeya da ƙarƙashin haɓa cike da ƙuraje. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In an kankare shi a bushe, aka bi ta kansa sau uku sau huɗu, aka kuma bi shi ta baya, tsininsa kan lanƙwashe ya koma cikin fata, ƙurji ya tashi. Sai mai askin ya kwarara maka sifirit, ka yi tsalle don zafi, ya ce ai magani ne. Maganin ciwon da shi ya ji maka! Ga hunturu kuma, fata ta riga ta tsage da kanta, a ƙara mata busasshiyar reza.

Na san abin da za su ce. Layi ya yi yawa, man janareto na ƙonewa, kuɗin aski bai taka kara ya karya ba, ruwa ma a wasu unguwanni sai an saya jarka-jarka. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ƙoƙo ɗaya muke magana. Madatsar ruwan Goronyo tana nan tun 1984, ana noman rani da ita kadada kan kadada, a ce gemun mutum ya rasa cikin tafi biyu?

Abu ɗaya zan sallama wa yaran shago, kuma ba da son raina ba: sabuwar reza ga kowane kai ta fi aska ɗaya ga gari duka. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, kuma wanzamin da bai yarda ya canza wannan ba shi ma ya ji tsoron Allah. Wanzami ba ya son jarfa, amma dole a faɗa masa. Sai dai yaran shagon su ma suna ɓata rawarsu da tsalle, don burushin nan na kakkaɓa yana yawo kai-kai tun safe har dare ba wanki. Ya bi kan yaro mai makero, ya dawo fuskar da aka gama yankawa yanzu. Burushi mara tsafta ba abin wasa ba ne: a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila da Amurka sun kamu da cutar antiraks ta dabbobi daga burushin gashin doki da ba a tsabtace ba. Wanda ake murzawa a sabulu aƙalla yana ganin ruwa da kumfa kowane aski, a ɗauraye shi, a yarfe, a rataye shi ya sha iska. Mai ƙyanƙyamin gashin alade kuwa, na zaren roba ya cika kasuwa, ga araha, ya fi saurin bushewa, kumfarsa ma ba ta da laifi.

Ku masu shago, ku ware burushi biyu, na kakkaɓa daban, na kumfa daban, ku ajiye filas ɗin ruwan ɗumi da sabulu. Ku ƙara wani abu a kan kuɗin gyaran fuska, za mu biya. Kai kuma ɗan'uwa, in ka zauna a kujera ka ga an nufo kuncinka da reza a bushe, riƙe hannunsa ka ce ya jiƙa tukuna. In ya ce ba lokaci, tashi ka nemi wanzami. Suna nan ranar Lahadi a kasuwar Goronyo, ka tafi da rezarka.