Tabarmar kaba ta Madawa: kyanta da rauninta

Garin Madawa, da ke jihar Tawa a kan hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, ya daɗe da yin suna wajen tabarmar kaba, kuma duk wanda ya kwana a kan ta kirki zai yarda cewa ba a banza sunan ya fita ba.

Kaba ganyen matashiyar goruba ce. Akan yanko ta a shanya, a tsaga sili-sili, a rina wani kaso, sa'an nan masaƙa, galibinsu mata, su yi ta kitsa doguwar saƙa mai faɗin tafin hannu. Daga baya a jera saƙar gefe da gefe a haɗe. A wurin haɗin nan ake gane gwana. Tabarmar da ta amsa sunanta sai ka shafa da hannu ba ka ji tudu ba, zanen ja da kore ya tsallaka daga layi zuwa layi bai karkace ba, alhali ba a zana shi a takarda ba, a ka aka riƙe lissafin.

Babban abin yabonta shi ne dacewa da bazara. Tabarmar roba takan ɗau zafi ta manne wa jiki, ita kuwa kaba iska na ratsa ta, gumi bai kwanciya a kanta. Ba ta da nauyi: yaro ma sai ya naɗe ta daga zaure ya kai gindin darbejiya. Kuma tana ƙara santsi da tsufa.

Amma tana da rauni. Damina ba ƙawarta ba ce, don laima na sa ta funfuna, gara kuma ba ta raga mata. Rinin kanti da wasu ke zubawa barkatai yana da ɗaukar ido a kasuwa, sai dai yakan koɗe da wuri, har ya kashe farin kabar da ke fito da zanen. Akwai kuma batun itacen kansa: yawan yankan kaba, kamar yadda ake gani a yankin Gulbin Kaba, yakan hana goruba tashi ta zama bishiya.

Duk da haka tabarmar ta ci kuɗinta. Mai saye ya ɗaga ta ya duba ta a hasken rana. In saƙar ta matse, bakin ya ɗinku sosai, rinin bai yi yawa ba, to kada ya tsananta wa mai ita wajen ciniki.