Faransanci a Fagen Wasa: Sharhi a kan Wani Ra'ayi na Aron Kalmomi

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a tsakanin ɗaliban Hausa, watau cewa Ingilishi ne kaɗai ya ba Hausa kalmomin wasannin zamani, shi kuwa Faransanci sha'anin Nijar ne. Wannan ra'ayi yana da rauni ta fuska biyu.

Da farko, ya mai da iyakar mulkin mallaka tamkar iyakar harshe. Kankiya tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta zarce Jibiya har Maraɗi, Kusada kuma tana maƙwabtaka da ita. Gaskiya ne matashin Kankiya gola da rafali da fanareti yake cewa. Amma idan ya saurari kokawar Nijar a rediyo ko a waya, zai ji arbit a gurbin alƙalin wasa, da ekip a gurbin ƙungiya, ba kuwa ya neman tafinta. Ke nan kalmar tana kunnensa, ko da ba ta zauna a bakinsa ba. Manazarcin da ya tattara abin da ake furtawa kawai ya bar rabin aikin.

Na biyu, ra'ayin yana ƙidayar kalmomi ba tare da tambayar ta wace ƙofa suka shigo ba. Gasar kokawa ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobinta na farko, ta isa misali. Faransanci ya kama abin da hukuma ta tsara ne: alƙalanci da ƙungiya da sunan gasa. Kaye da kirari da kiɗa kuwa suna nan da Hausarsu. Haka ma langa da dara, da yake a dandali suka tsaya, aro bai yi musu yawa ba. Ko a duniya, ta ƙofar hukuma Faransanci ya shiga wasanni: a Faris aka kafa kwamitin Olamfik a 1894, da hukumar FIFA a 1904, wadda sunanta na Faransanci ne, alhali a Ingila aka tsara dokokin ƙwallon ƙafa a 1863.

Gyaran wannan ra'ayi ya zama wajibi, domin a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Idan masanan can suka ƙirƙiro kalmomin wasanni su kaɗai, na nan ma suka yi nasu, za a wayi gari Bakatsine da Bamaraɗe suna kallon wasa ɗaya da ƙamus biyu. Saboda haka ya kamata a fara tattara kalmomin daga bakin 'yan kallo, a Kankiya da Kusada da Maraɗi, kafin a zauna teburin daidaitawa.