Labulen Harsasai da Gurbi Huɗu: Touhou, Pop Team Epic da Batun 'Yanci

Masu son wasannin harbi na Japan da masu karatun manga na zambo sukan haɗu a inuwa ɗaya, kuma da kalma ɗaya suke yabon abin da suke so: 'yanci. Wai mutum ne shi kaɗai a ɗakinsa, babu kamfani a kansa, yana yin abin da ransa ya ga dama. Mu ma cikin masoyan muke, amma a ganinmu wannan yabo ya bar jaki yana dukan taiki. Armashin waɗannan ayyuka daga ƙa'idar da mai aikin ya ɗaure kansa da ita yake fitowa, kuma wanda ya fi riƙe ta, aikinsa ne ya fi jure wa shekaru.

Mu fara da Touhou Project. Jun'ya Ota, wanda aka fi sani da ZUN, ya yi wasanni biyar na farko tun yana ɗalibi, a kan kwamfutar PC-98 ta kamfanin NEC. A 2002 ya koma Windows da Embodiment of Scarlet Devil, ƙarƙashin sunan Team Shanghai Alice, ƙungiyar da mutum ɗaya ne cikinta. Shi ke rubuta manhajar, shi ke zane, shi ke kiɗa, shi ke labari, sannan ya kai faifan Comiket, kasuwar masu buga kayansu da kansu da aka fara a 1975, wadda ke ci sau biyu a shekara a Tokyo.

Japanawa na kiran wannan salo danmaku, wato labulen harsasai. Kamfanin Cave ya riga ya share masa fage a gidajen wasa da DonPachi a 1995. Wanda ya fara ganin allon zai rantse babu mafita: harsasai ɗaruruwa, ja da shuɗi, sun cika ko'ina. Sirrin shi ne, a jikin yarinyar da kake tuƙawa, ɗan ɗigo ne kawai a tsakiya harsashi ke iya kashewa. Riga da gashi da hannu duk na iya gogar wuta su wuce. Daga Perfect Cherry Blossom na 2003, in ka danne maɓallin rage gudu, ɗigon kan bayyana ka gan shi.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san yadda wannan kyau yake da arha a lissafi. Raba digiri 360 gida 24, ka harba harsashi kowane digiri 15, ka sami zobe. Karkatar da zoben kaɗan a kowane harbi, ya zama fure mai juyawa. Ƙara wasu da ke bin inda ɗan wasa yake tsaye, ka tilasta masa motsi. Layuka kaɗan ne. Wahalar tana wajen barin ƙofa. Dole kowane tsari ya kasance da ramin da idon mutum zai iya ganowa, yatsansa kuma ya iya kaiwa. ZUN ya ba manyan hare-haren suna da iyakar lokaci, ya mai da kowanne kacici-kacici mai amsa. In ka mutu, ka san laifin na hannunka ne, shi ya sa kake komawa.

Zanen fuskokinsa kuwa, masoyansa ma kan yi masa dariya. Amma da yake ya sassauta wa mutane su zana jarumansa, su sake kiɗansa, su sayar a Comiket, sai dubban hannaye suka cike giɓin. Daga cikinsu akwai Bkub Okawa, wanda ya yi suna da barkwancin Touhou kafin ya fara Pop Team Epic a 2014, a wurin mawallafa Takeshobo.

Shi ma a cikin keji yake aiki. Salon yonkoma gurbi huɗu ne jere, kuma mai karatun Japan ya san tsarinsu: shimfiɗa, ci gaba, juyi, rufewa. 'Yan matansa biyu, Popuko gajera mai zafin rai da Pipimi doguwa mai sanyin fuska, aikinsu karya wannan tsari. Wani lokaci rufewar ta zo a gurbi na biyu, wani lokaci ba ta zuwa sam. Dariyar tana samuwa ne don mai karatu ya riga ya san inda ya kamata a sauka. Ko da aka mai da shi fim ɗin talabijin a 2018, an riƙe wannan dabara: a nuna shirin, a sake maimaita shi nan take da wasu muryoyi daban.

Sai dai a nan muke rabuwa da masu yabo ba ƙaƙƙautawa. Rabin habaicin Okawa yana rataye da sanin wani fim, wani wasa, ko wata maganar intanet ta lokacin. In maganar ta tsufa, gurbin ya zama fanko. Kuma ya sha zagin Takeshobo, har da ruguza gininsu a zane, su kuwa suna bugawa suna sayarwa. Zambon da wanda aka yi wa ke ƙirga ribarsa, dafinsa kaɗan ne.

Kōji Kumeta ya fi shi zurfi a Sayonara, Zetsubou-Sensei, wanda ya gudana daga 2005 zuwa 2012. Malamin cikinsa, Nozomu Itoshiki, in aka haɗa haruffan sunansa a kwance sai su ba da kalmar yanke ƙauna. Kusan kowane babi ɗabi'a ɗaya ta mutanen Japan yake ɗauka, ya jero misalanta har ta zama abin kunya. Sunayen mashahuran da ya jero sun fara dusashewa, har masu fassara sai sun bi su da bayani, amma halin da ya caccaka yana nan, don hali zanen dutse ne.

To, a kan wannan ma'auni muke ɗora su. Touhou ya jingina da lissafi da idon ɗan Adam, abubuwan da ba sa tsufa, shi ya sa yaron da aka haifa bayan 2002 ke zama yau ya sha wuya a hannun Flandre Scarlet daidai yadda na farko suka sha. Kumeta ya jingina da hali, ya samu rabi. Okawa ya fi jingina da labarin jiya, kuma yawancin shafukansa za su tafi tare da jiyan. Marubucin da ke sha'awar 'yancin waɗannan mutane, ya fara tambayar kansa wace ƙa'ida zai iya riƙewa shekara ashirin, kuma wace ƙofa zai bar wa mai karatu.